Shirin Sallar baɗi tun yanzu

Hajiya, kin ce hidimar Sallar bana ta bar ki da gajiya da bashi, kina neman yadda ta baɗi za ta zo da sauƙi a nan Jos.

Ki fara da ɗinki. Ki kai wa tela kayan yara tun watan Rajab, domin da azumi ya kama kowane shago ya cika, kuɗin ɗinki ya hau, alkawari kuma ya yi wuyar cikawa.

Amma cefane ne ya fi cin kuɗi, a ganina. Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu kuma Babbar Sallah tana faɗowa farkon damina, lokacin da tumatir da tattasai suke tsada. Ki je kasuwar Farin Gada cikin rani, sa'ad da kayan lambu suka yi araha, ki sayi kwando guda, ki yanka ki shanya. Iskar hunturun Jos tana busar da shi da kyau. Ko kuma ki markaɗa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ki zuba a kwalba.

Ragon layya kuwa, in akwai fili a gida, maigida ya sayi matashi da wuri a kiwata shi da dusa da harawa. In babu, ku shiga adashi da mutanen da kika yarda da amanarsu, kwasarki ta faɗo a Zulƙida.

Naman ma kada ki dogara da firij, kin san halin wuta. A soya shi ya bushe sosai, a yi dambu da sauran, kason maƙwabta kuma a raba shi tun ranar yanka.