Tambayoyinku: Maigidana matuƙin jirgi ne, mu bi shi Niyok ko mu zauna inda muke?

TAMBAYA: Salam Anti, don Allah shawara nake nema. Muna zaune a Teksas ta Amurka, ni da maigidana da yaranmu biyu, to Allah ya yi ya samu aiki a wani babban kamfanin jiragen sama a matsayin mataimakin matuƙi, sai dai sun ce tasharsa Niyok ce, can zai riƙa tashi can zai riƙa sauka. Na duba kuɗin hayar gida a can wallahi sai da kaina ya sara. Shi yana cewa mu yi zamanmu kawai, tunda kyauta yake hawa jirgi zai riƙa zuwa aiki yana dawowa kamar yadda abokan aikinsa da yawa suke yi, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ya kike gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kuma tsare mana shi. Gaskiyar maigidanki ce, matuƙa da yawa a Amurka ba a garin tasharsu suke zaune ba, kuma Niyok na cikin wuraren da aka fi tura sabbin shiga, saboda tsoffin hannu suna gudunta don tsadar rayuwa, a wannan aikin kuwa komai da ranar da aka ɗauke ka ake rabawa, tasha, ranakun hutu, har irin jirgin da za ka tuƙa.

To amma kyautar nan da yake faɗa akwai magana a cikinta. Ba tikiti ake ba shi ba, sai in kujera ta yi saura bayan fasinjoji sun gama shiga, in ba ta yi saura ba sai ya nemi 'yar kujerar nan ta ninkewa da ke bayan matuƙa a gaban jirgi, ita ma wani zai iya riga shi. Kin ga mutum sanye da kayan aiki, jaka a hannu, ya tsaya a bakin ƙofar shiga yana kallon allo yana ƙirga kujerun da suka rage, biyar, uku, ɗaya, a rufe ƙofa yana tsaye, ya ja jaka da gudu zuwa wata ƙofar ya gwada jirgi na gaba. Shi ya sa masu wannan zirga-zirga suke barin gida da wuri sosai don a samu jirgi na biyu in na farko ya kuɓuce, in aikin na asuba ne ma tun jiya za su tafi. Daga Teksas zuwa Niyok sama da awa 3 ne a sama, kuma ba a biyansa ko sisi a kan wannan lokacin, daga ranakun hutunsa yake fita, wato daga rabonki da na yara.

Abin da ya fi damuna ma shi ne shekarar farko. Sabon shiga galibi jiran kira ake sa shi, ba shi da jadawalin kansa, waya ce za ta yi ƙara a ce ya zo, wani lokacin awa 2 ko 3 kacal ake ba shi ya iso filin jirgi, kuma a wasu kamfanonin tashar Niyok ta haɗa filaye uku, JFK da LaGuwadiya da Nuwak wanda ke jihar Niyu Jasi. Wanda ke Teksas ba yadda za a yi ya amsa irin wannan kira daga gida, dole ya je ya zauna a can ko an kira ko ba a kira ba. Daga nan sai a faɗa gidajen haɗaka da ma'aikatan jirgi ke kamawa, irin waɗanda suka cika unguwar Kiyu Gadins a Kwins, wani yanki na birnin Niyok, gadaje masu hawa biyu jere a ɗaki ɗaya, wannan na shigowa ƙarfe ɗayan dare wancan agogonsa na bugawa ƙarfe huɗu, wani gadon ma ba naka ba ne kai kaɗai, duk wanda ya tarar babu kowa ya shimfiɗa zaninsa ya kwanta. Wane barci ake yi a nan fisabilillahi?

Ba don in tsorata ki ba, amma ki san wannan. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da garin Bafalo a jihar Niyok, mutum 50 suka rasu. Tashar matuƙan Nuwak ce, amma kyaftin ɗin a Fulorida, can kudancin Amurka, yake zaune, mataimakiyarsa kuma daga Siyatil, can ƙuryar yammacin ƙasar, ta kwana tana tafiya a jiragen dakon kaya kafin ta kama aiki. Masu bincike sun ɗora laifin a kan yadda aka sarrafa jirgin, amma sun yi magana sosai a kan gajiya. Bayan haka aka tsaurara doka, tun 2014 sai an ba matuƙi hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki, sai dai dokar ba ta ƙirga doguwar tafiyar da ya yi daga gidansa, shi ne zai sa hannu ya ce ya huta.

Ni dai a ganina ku matsa kusa, amma ba sai cikin birnin ba, ai tazarar mota kawai yake buƙata. Ku duba wajen Niyu Jasi ko gabashin Fensilbeniya, daga garin Alentawun na Fensilbeniya zuwa filin Nuwak kamar awa ɗaya da rabi ne in hanya ta yi kyau, haya kuma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. JFK ce mai wahala daga can saboda gadoji da cunkoso, don haka ya fara tambayar wane fili aka fi kiransu.

Ki sa haraji a lissafinki, Teksas ba ta cire harajin albashi na jiha, waɗancan jihohin suna cirewa, wanda ke zaune cikin birnin Niyok ma har da na birni a kai. Amma a ɗaya gefen ki rubuta kuɗin gadon haɗaka da na otal da abincin waje da zai riƙa ci.

Kuma don Allah kada ku sayi gida yanzu. Ku kama hayar shekara ɗaya, kafin ta ƙare wataƙila an ɗauki wasu a bayansa ya fita daga jiran kira, ya kuma riƙa cike neman canjin tasha duk lokacin da aka buɗe, in kamfanin yana da tasha a Dalas ko Hiyustin da ke Teksas sai ku koma abinku. Ku zauna da kalanda ku biyu bayan yara sun yi barci, ku ƙirga dare nawa zai kwana a gida a wata in kun matsa, nawa kuma in kun zauna, ki rubuto min abin da kuka samu.