Hukuncin fentin ƙananan sojojin wasa da launin ƙarfe da zinariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai fenti ne a wani ƙauye a yankin Ringim, ina rubuta allunan shaguna. Yayana da ke aiki a Abuja ya kawo min ƙananan sojojin roba na wasan Warhammer, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, tare da tankokin yaƙi da ganuwa. Masu su na so a fente sulke da takubban su fito kamar ƙarfen gaske, kuma kuɗin da za a biya ni ya fi na allo. Wasu a majalisarmu sun ce gumaka nake yi, wasu sun ce launin zinariya haramun ne ga namiji. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin kuɗin su shiga aljihu.

Maganar zinariya ba ta da nauyi. Fentin nan babu zinare a cikinsa. Ƙyallinsa daga garin alminiyam ne ko garin wani dutse mai walƙiya da aka gauraya da launi, wasu masu fentin ma da rawaya da ruwan ƙasa da fari kawai suke fito da kamannin zinariya. Abin da aka haramta wa namiji shi ne sanya zinaren gaske. Ka dai kiyaye kada a sayar wa wani da sunan azurfa ko tagulla, wannan algus ne.

Aikin hannun ma halal ne. Ka shimfiɗa baƙin fenti, ka ɗora launin ƙarfe, ka zuba tsinkakken fenti mai duhu ya kwanta a lungunan sulke, sannan ka share buroshi har ya kusa bushewa ka goga launin azurfa a bakin takobi: duk wannan gwaninta ce, ba wanda ya hana. Abin dubawa shi ne a jikin me kake ɗora ta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Ibn Abbas ya ce da zanen surori yake ci. Ibn Abbas ya karanta masa gargaɗin Manzon Allah (SAW) ga masu yin sura, sannan ya ce idan ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Ka lura, bai ce masa ya bar sana'a ba, hanya ya nuna masa. Don haka tankoki, bindigogi, ganuwa, garkuwa da takobi da ba a jikin kowa suke ba, ka fente su har da tsatsar, kuɗinka tsarkakakke ne.

Sojojin kuwa, malamanmu na Malikiyya sun fayyace, kamar yadda Shehu Dardir ya kawo: surar mai rai, mutum ko dabba, idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, yin ta haramun ne. Idan ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, haramcin ya faɗi. A hadisin Abu Dawud da Tirmizi, Mala'ika Jibrilu ya ce a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar bishiya. Sojan nan yana da kai da ƙirji da ƙafafu, kuma ƙanƙantarsa ba ta fitar da shi daga wannan hukunci ba.

Za ka ce ai ba kai ka sassaƙa ba, wani kamfani ne a Nottingham ta Ingila ya zuba shi. Haka ne, kuma shi ya sa ban daidaita ka da mai sassaƙa ba, ban kuma yarda da masu cewa gumaka kake yi ba, tunda ba bauta musu ake yi ba. Amma robar tana zuwa ne toka-toka, kai ne za ka ɗiga ƙwayar ido, ka ba fuska launin fata. Ƙarasa kamannin mai rai a hannunka yake, kuma don shi ake biyan ka. Kwalkwali da ya rufe fuska ya rage abin, sai dai kan yana nan a ƙarƙashinsa.

Akwai malaman da suka sassauta, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha da dokinta mai fukafukai, wanda Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Hujja ce ta gaskiya, ba na raina ta. Sai dai rangwamen na yara ne, su kuwa waɗannan manya ne ke sayensu da tsada suna jerawa a kabad. Ga kuma ƙwayar lido da ake jefawa a wasan, alhali littafin Risala ya ce wasa da nardu, wato wasan da ake jefa irin wannan ƙwaya, ba ya halatta. Idan da kuɗi a tsakani, caca ce kai tsaye.

Fatawata ita ce ka karɓi aikin motoci, makamai da gine-gine, ka mayar wa yayanka da cikakkun sojoji da dawakai cikin ladabi, haka duk wanda ke ɗauke da gicciye ko siffar wani abin bauta. Abin da ka riga ka yi kafin ka sani, ka nemi gafarar Allah kada ka ƙara.

Sai alwala. Fentin nan idan ya bushe a farce ko yatsa yana hana ruwa taɓa fata, ka kankare shi tukuna. Masu wannan aiki kuma sukan lashi bakin buroshi don ya yi tsini. Ka bar wannan, musamman da azumi a bakinka.

Allah ne mafi sani.