Amsa: Jincheng na mutuwa idan ya yi zafi

Malam, ka ce tsohon babur ɗinka Jincheng yana tashi lafiya da safe, amma kafin ka kai Samaru daga Kwangila a Zariya sai ya mutu, sai ya huce zai sake tashi. Ka bar kabureta tukuna, wannan alamar ta wutar fulogi ce.

Da ya mutu, cire fulogi nan take, ka mayar da shi cikin hularsa, ka ɗora shi jikin inji ka buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake so. Idan ja ce ko babu, duba tazarar bakin fulogi, milimita 0.6 zuwa 0.7, sannan hular fulogin da wayar da ke zuwa bodi, domin tsatsa kan cinye ta bayan damina.

Idan duk lafiya, kwayil (naɗin waya) nake zargi, musamman na cikin maganeto, wato abin da ke samar da wuta idan inji na juyawa. Siririyar wayarsa takan tsinke a ciki. Zafi ya buɗe wurin, sanyi ya haɗe shi. Shi ya sa gwaji da inji a sanyaye ba ya nuna komai.

CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, shi ne ƙarshen abin sauyawa. Ka tafi Sabon Gari da tsohon a hannu, domin akwai mai shan wuta daga maganeto, akwai na batir, kuma ba sa maye gurbin juna ko da soket ɗin ya shiga.