Wai da gaske ne Mama Taraba ta ci gwamna aka ƙwace?

Tambaya: Anti barka da aiki. Kullum ina jin ana cewa Mama Taraba ta ci zaɓen gwamna aka murɗe mata, wasu kuma su ce ai ba ta ci ba. Don Allah mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Ƙanwata, abin da ya faru shi ne a zaɓen 2015 hukumar zaɓe Darius Ishaku na PDP ta bayyana, Hajiya Aisha Jummai Alhassan ta APC, wato Mama Taraba, ta zo ta biyu. Sai ta garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, a watan Nuwamban shekarar kotun ta ce ita ce gwamna, to nan fa aka samo maganar da kike ji. Amma ba don ta fi shi ƙuri'a aka ba ta ba, hujjar kotun ita ce PDP ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba, wato tamkar ba ta tsayar da kowa ba kenan. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce rikicin fidda gwani na cikin gidan PDP ne, ita kuwa ba 'yar gidan ba ce, kotun ƙoli ma a 2016 ta tafi a kan haka. Ko rantsar da ita ba a kai ga yi ba.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne an taƙaita matar nan a kan wannan shari'a kaɗai, alhali lauya ce da ta sha aiki tun kafin siyasa, ta riƙe kwamishinar shari'a kuma antoni janar ta Taraba, ta yi babbar magatakardar babbar kotun Abuja. Da ta shigo siyasa kuwa a 2011 sanata mai ci ta kayar a fidda gwanin PDP, sannan ta je babban zaɓe ta kayar da Jolly Nyame, mutumin da ya yi gwamnan jihar har sau uku, ta ɗauke kujerar Taraba ta Arewa. Mace, a arewa, lokacin da ko fostarki aka manna sai an yi ta surutu a majalisar masu shayi.

Buhari ya ba ta ministar harkokin mata a 2015, sai dai bakinta bai da linzami, tana kan kujerar ta fito ta ce in Atiku ya tsaya shi za ta bi. A 2018 APC ta hana ta shiga fidda gwani, ta ajiye ministar ta koma UDP ta sake neman gwamna a 2019, ba ta kai labari ba. Ta rasu a Alƙahira a watan Mayun 2021, Allah ya jiƙanta.

Mace ɗaya da ta taɓa zama a kujerar gwamna a Najeriya ita ce Virginia Etiaba a Anambra, ita ma mataimakiya ce, majalisa ta tsige gwamna Peter Obi a 2006 ta riƙe kamar wata uku, kotu ta dawo da shi.