Tambaya da Amsa: Maganin Korar Ruwa a Gilashi da Bango

Tambaya: Na shafa wa gilashin gaban motata maganin korar ruwa. Makon farko ruwa na mirginawa ya wuce, amma kafin wata ya cika ya daina, da dare ma gilashin sai ya yi dishi-dishi. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Galibi matsalar daga wankin gilashi take. Irin wannan magani, kamar Rain-X, silikon ne da aka narkar a sifirit, kuma aiki biyu yake yi: ƙasansa ya kama gilashi, samansa ya ƙi ruwa. Idan akwai maiƙo, hayaƙi ko ragowar man goge mota, a kan dattin zai zauna, waifa na sharewa ta tafi da shi.

Bayan ka wanke, watsa ruwa ka duba. In ya kwanta shimfiɗe bai tsage ba, gilashin ya fita. In ya dunƙule nan da can, da sauran maiƙo, sai ka goge da sifirit na aisofurofil ka bari ya bushe ƙarau. Yi shafin a inuwa, domin gilashi mai zafi na busar da maganin tun bai bazu ba. Shafa kaɗan-kaɗan sau biyu, ka jira ya yi fari-fari, sannan ka murje da busasshen tsumma mai laushi. Dishi-dishin nan rarar magani ce da ba a murje ba. Ka duba robar waifa ma, in ta bushe kankare shafin take yi.

Masana kan auna kusurwar da ɗigon ruwa ya yi da abin da ya zauna a kai. Ƙasa da digiri 90, wurin na jan ruwa. Sama da haka, yana korarsa. Wuri mai santsi ba ya wuce kusan 120. Mai haura 150 sai an haɗa da 'yan ƙuraje da ido ba ya gani, irin na ganyen lotus, wani tsiron ruwa mai kama da bado, da masanin tsirrai ɗan Jamus Wilhelm Barthlott ya bayyana a 1997. Ƙurajen nan ba sa jure guga, don haka kada tallan feshi mai irin waɗannan ƙuraje ya ruɗe ka a inda waifa ke bi.

Tambaya: Zan iya shafa shi a cikin gilashin don hana tururi?

Amsa: A'a. Tururi ƙananan ɗigo ne masu warwatsa haske, mai korar ruwa kuwa ƙara dunƙule su yake yi. A ciki mai jan ruwa ake so, wanda zai baje ɗigon ya zama siririn shimfiɗi da ake gani ta cikinsa.

Tambaya: Bangon siminti na shan ruwan sama. Feshin silikon zai magance?

Amsa: Nemi mai silan da siloksan, sinadarai dangin silikon, wanda ke ratsa ƙananan ƙofofin siminti ba tare da toshe su ba, danshin ciki na samun hanyar fita. Sabon kankare sai ya kwana 28, bangon kuma ya bushe. Fara daga ƙasa zuwa sama, ka maimaita tun na farko bai bushe ba, domin in ya bushe zai kori na biyu. Ba ya cike tsaga, sai an liƙe ta tukuna. Idan kuwa danshin daga ƙasa yake hawowa ta harsashin gini, feshin ba zai tsinana komai ba. Mai niyyar fenti ya karanta jikin gwangwanin da kyau, saboda fenti mai ruwa kan ƙi kama bangon da aka fesa.