Monita biyu iri ɗaya amma farinsu ya sha bamban, wacce zan yarda da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata gyaran hotuna, ina da monita biyu samfuri ɗaya, amma farin ɗaya ya ja rawaya, na ɗayar kuma shuɗi-shuɗi. Makon jiya kwastoma ya dawo min da aiki wai fatar mutane ta yi ja a takarda. Na sauke firofayil ɗin ICC, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda monita ke nuna launi, na samfurin a intanet na saka, sai ma abin ya ƙara lalacewa. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, monitocinka lafiyarsu lau, amma a yanzu kar ka yarda da ko ɗaya sai an auna su.

Wannan firofayil ɗin da ka sauke, ka cire shi yau ɗin nan. Kullum sai na gamu da wannan maganar kuma tana ci min rai sosai, wani zai hau YouTube ya ce ga saitin da ya fi kowane kyau, ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza, mutane su kwafa su zuba a nasu kamar an ba su lambar waya. Firofayil ɗin ICC awon monita guda ɗaya ne tak, a ranar da aka auna ta, da hasken da aka saita ta a lokacin. Ko rana ɗaya aka ƙera monita biyu a masana'anta ɗaya, fitilar bayan sikirin ba ta zama daidai, kuma tana tsufa, wadda ta fi shan aiki farinta ya riga ya gusa. Ai hujjar tana kan teburinka, naka biyun ma ba su dace da juna ba, to yaya awon ta wani da ba ka taɓa gani ba zai dace da su? Kamar ka ari tabaron likita na maƙwabcinka ne don shekarunku ɗaya. Haka masu kara wayarsu kusa da sikirin suna murɗa maɓalli har sai sun yi kama, ita wayar wa ya auna ta? Ido kuma saurin sabo gare shi, ka ɗan jima kana kallon fari mai rawaya sai ya koma maka fari tas.

Abin da za ka nema shi ne na'urar auna launi, irin su Spyder ko Calibrite, ko ta aro ce. Manhajar DisplayCAL, wadda za ka yi awon da ita tare da na'urar, kyauta ce. Ka kunna monitocin su yi minti 30, ka kashe Night light ko True Tone da duk wani saitin da ke canza haske da kansa. Sai ka ba su manufa ɗaya: fari D65 wato farin hasken rana mai 6500K, gama (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) 2.2, ƙarfin haske wajen kandela 120 a kowace murabba'in mita. Hasken nan ka fara da shi, don sau da yawa bambancinsa ne mutum yake ɗauka bambancin launi ne. Ja da kore da shuɗi ka gyara su da maɓallan jikin monita, kowacce kuma a yi mata firofayil ɗinta daban. Ka riƙa maimaitawa duk wata ɗaya ko biyu.

Idan bayan awo har yanzu kana ganin ɗan bambanci a farin, yana faruwa, musamman in fitilun ba iri ɗaya ba ne. A nan kaɗai na yarda da ido: ka riƙe guda a matsayin uwa, ka ɗan taɓa farin ɗayar har ya zo kusa, ka sake yi mata firofayil a kan wannan farin.

Batun takarda kuwa, masu ɗab'i da hasken D50, wanda ya fi D65 ja rawaya, suke duba aiki, don haka ka karɓi firofayil ɗin injin da takardar daga wajen mai buga maka, ka gwada hoton da shi a Photoshop kafin ka tura.