Gawayin da ke bakin magudanar majema

Ka tambaye ni jiya me ya sa nake hana ka zubar da ruwan kurom kai tsaye a kwata, alhali na bagaruwa ba na damuwa da shi haka. To, ɗana, saurara.

Bagaruwa itace ce, ƙasa ta san yadda za ta ci ta. Kurom kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa ko shekara nawa ya yi. Iri biyu ne. Wanda muke jima da shi, mai mayar da fata shuɗi-shuɗi, shi ake kira kurom 3, dafinsa da sauƙi. Kurom 6 shi ne mugun: yana sa ruwa ya yi ɗorawa, yana cin fatar hannu da cikin hanci, yana kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kurom ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. Ka san Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arungusa. Tabkin da ka ɓata, gobe dabbobin wani ne za su sha.

Shi ya sa muke fara zuba farar ƙasa a ruwan, kurom ɗin ya kwanta ƙasa kamar laka. Na saman ne muke bi da shi ta cikin gawayi. Ka fasa guda ka duba, duk ƙofofi ne. Gawayin da aka gyara da tururi ko sinadari, giram ɗaya idan aka shimfiɗa cikinsa zai iya kai murabba'in mita 1000. A bangon waɗannan ƙofofi kurom ke maƙalewa. Na ƙwallon goriba da na ɓawon gyaɗa duk suna yi, amma a daka shi, kuma ruwan ya bi a hankali. In ka kwarara shi da gaggawa, wucewa kawai zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da gawayin ya ƙoshi. Dafin yana nan cikinsa. Kada ka kuskura ka ba wata ta kai murhu, kada ka ƙone shi da yankakkun fatu, don wuta tana iya juya kurom 3 ya koma 6, musamman da yake akwai farar ƙasa a jiki. Ka shanya shi da lakar a inuwa, ka ɗure a duro mai murfi, nesa da rijiya. Kuma ka sa safar hannun da na saya maka, na ga yatsunka sun fara tsagewa.